Alfarma Dabam, Uzuri Dabam

Duk wanda ya taɓa kafa ko da rumfar kara ce a bakin hanya ya san raɗar da zuciya kan yi masa. Takan ce ya ɗan matso gaba kaɗan, ai taki ɗaya ba ya rage hanya da kome. Maƙwabcinsa kuwa, shi ma haka tasa zuciyar ke gaya masa. Taki ɗaya nan, taki ɗaya can, kafin shekara goma sai a tarar hanyar da raƙumi kan wuce da kayansa ta zama lungun da mai baro ma sai ya karkace. Saboda haka ne hukuma ta ke ajiye ƙa'idar faɗin hanya, ta ce kada kowa ya ƙetare. Amma ƙasa ba tabarma ba ce da za a shimfiɗa yadda a ke so. Akwai dutse, akwai kududdufi, akwai maƙabarta, akwai gidajen da suka riga hanya zuwa. A irin waɗannan wurare tilas wata rana wani ya je ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Roƙon nan iri biyu ne, kuma wani attajirin Kano ya yi su duka biyu a kan hanya ɗaya.

Mutumin nan ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini. Da dako ya fara a kasuwa yana yaro, bai shiga makarantar boko ba. Sai bayan da Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 ya shiga ajin dare, yana da aure da 'ya'ya biyu, ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Tun daga nan ba ya yarda kowa ya karanta masa takardar da ta shafe shi. Yakan sa tabarau, ya bi ta layi layi da ɗan yatsa, in ya tarar da kalmar da ta fi ƙarfinsa ya tambaya, ba ya jin kunya.

Mahaifinsa ya bar masa gona a bayan gari. Sa'ad da ya gaje ta, dawa da gyaɗa a ke nomawa a ciki, amma gari ya yi ta tafiya har ya zo ya kewaye ta. A 2015 ya yi niyyar mayar da ita shaguna. Ya san doka. Tun 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, kuma dokar tsara birane ta 1992 ta hana a ɗora tubali sai da izinin hukumar tsara gari. Saboda haka ya ɗauki safiyo ya auna filin, ya sa aka zana taswira, ya kai ofis.

Daga babban titi zuwa ƙarshen filin mita 150 ne. Mita ɗaya ta ɗara yadi kaɗan. Mita 30 na farko wata tsohuwar burtali ce da ta ratsa tsakanin katangar maƙabarta da wani tsohon gidan ƙasa, sauran mita 120 kuwa cikin filinsa su ke. Da takardar ofis ta fito, sai ya ga an yarda ya yi shaguna, amma an rubuta hanyar da za ta ratsa su ta zama mita 15 a faɗi.

Alhaji ya zauna da fensir. Shago ɗaya mita 3 ne a fuska, watau kowane gefe zai ɗauki shago 40, gefe biyu 80. In kuwa aka mai da hanyar mita 9, ya tsira da mita 6 a tsawon filin duka, wadda za ta ba shi wani sahu na shago 40 masu fuskantar lungun baya. Ya buga kuɗin hayarsu na shekara, ya sake bugawa, barci ya ƙaurace masa. A ganinsa an ƙwace masa shago arba'in an ba iska.

Ya fara da abin da ya saba gani ana yi. Ya je gidan wani babban mutum da suka daɗe tare, ya karɓo 'yar takarda. Ya sa babbar riga, ya tafi ofis, ya nemi injiniyan da fayil ɗinsa ke hannunsa. Injiniyan nan saurayi ne, sa'an ɗansa na fari. Ya miƙe ya gaishe shi, ya ba shi kujera, ya karanta takardar babban mutum da ladabi, ya ninke ta ya ajiye gefe.

Alhaji ya ce, "Injiniya, alfarma na zo nema. Mita 9 ai hanya ce. A cikin birni aka haife ni, lungunmu ko mita 3 bai kai ba, ga shi mun girma lafiya."

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in nuna maka inda mita 15 ɗin nan ta tafi, in ka ga wadda ta yi yawa sai mu cire." Ya jawo takarda ya rubuta. Kwalta mita 7.3, watau hannu biyu, kowane hannu mita 3.65, kamar yadda a ke yi wa titunan Gwamnatin Tarayya. Lambatu mita ɗaya a kowane gefe. Wurin masu tafiya a ƙasa mita ɗaya da rabi a kowane gefe. Sa'an nan mita 2.7 a gefe ɗaya, inda mota za ta tsaya a sauke kaya. Alhaji ya haɗa da kansa, ya ga 15 cif.

Sai injiniya ya aika aka sayo masa ashana kwali huɗu. Ya ja layi biyu a kan tebur, ya ce wannan ita ce mita 9. "Cire lambatu, saura 7. Babbar mota faɗinta wajen mita biyu da rabi ne. Ga ta nan ta tsaya tana sauke siminti, saura huɗu da rabi. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sani. Wanda ka ba hayar shago, a ciki zai bar kayansa?"

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Zai fito da tebur."

"To, tebur nan, tebur can, mita ɗaiɗai. Saura biyu da rabi. A cikinta ne mai a-daidaita-sahu zai bi, da mai kura, da ɗan dako, da mace mai goyo." Ya ɗauki kwali na ƙarshe ya riƙe a bakin layin. "Wannan motar 'yan kwana-kwana ce. A Ingila ƙa'idarsu ita ce a bar mata mita 3.7, a Amurka kuwa ƙafa 20 su ke nema, watau mita shida da 'yan kai. Nuna mini inda zan sa ta."

Alhaji ya dubi kwalin bai ce kome ba. Can ya ce ai ya san wurare da yawa a garin nan da hanyarsu ba ta kai haka ba, kuma an gina, ba wanda ya mutu. Injiniya ya ce ɓarnar da aka riga aka yi ba ta zama hujjar ƙara wata. Da za su rabu Alhaji ya zaro ambulan ya ce ga goro. Saurayin ya mayar masa da hannu biyu, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Hanyar nan ba tawa ba ce balle in sayar. In ta kaina ce, wallahi da na ba ka kyauta." Bayan mako uku takarda ta zo, an ƙi roƙonsa, an kuma rubuta dalili.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Da ya rasa inda zai kai ƙara, sai ya kai wa limamin unguwarsu bayan sallar la'asar. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na taɓa ji a karatu cewa in an yi jayayya a kan hanya, shari'a ta yanka mata kamu bakwai. Kamu bakwai ko mita uku da rabi bai cika ba. Ni na ba da tara, an ce ban kyauta ba. Su 'yan boko sun fi shari'a ne?"

Liman ya ce hakika haka ya zo a hadisi, kuma alƙalan ƙasar Hausa sun yi hukunci da shi. Sa'an nan ya tambaye shi ko ya san abin da ya sa malamai suka ce bakwai ta isa. Alhaji ya ce a'a. Liman ya ce, "Sun bayyana cewa domin raƙuma biyu masu kaya su gifta juna ba su gogi bango ba. Watau abin da ke bin hanya aka auna, sa'an nan aka yanka mata faɗi. Kai, Alhaji, raƙumi ne zai kawo maka rodi da siminti?" Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Alhaji ya yi tasa ta yaƙe, ya ɗauki takalmansa.

Ya ajiye maganar ginin ya yi watanni, yana cewa zai jira a canja wa yaron nan wurin aiki. Ana nan, a ƙarshen watan Maris 2016, cikin dare, wuta ta kama Kasuwar Sabon Gari. Ƙanensa yana da shago a ciki. Aka buga masa waya, ya fita ko hula babu. Ya kwana tsaye a bakin titi cikin dubban mutane, yana kallon wuta na tsallaka daga wannan sahu zuwa wancan. Ya san layukan kasuwar nan kamar tafin hannunsa, domin a irinsu ya yi dako, ya kuwa san yadda rumfuna da tebura suka cinye su a hankali. Da gari ya waye aka ce shagunan da suka ƙone sun fi dubu uku. Na ƙanensa yana ciki. Dukiyar shekara ashirin ta koma toka, sai ƙarfen ƙofa kaɗai suka gane.

Ya faɗa daga baya cewa abin da ya yi ta zuwa masa a zuci daren nan, ba wutar ba ce, kwalin ashanan nan ne da yaron ya riƙe a sama ya rasa inda zai sa shi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bayan kwana goma ya kira safiyo ya ce a kafa turaku a kan mita 15.

Nan ne wata matsala ta fito wadda mita 9 ta ɓoye. A cikin filinsa turaku suka zauna lafiya. Amma da aka zo burtalin nan ta bakin titi, tsakanin katangar maƙabarta da bangon tsohon gida, igiyar awo ta ce mita 11. Saura huɗu. Maƙabarta ba ta taɓuwa. Mita huɗun nan kuwa, in aka ɗebe ta daga gidan, ta cinye zaure da ɗakin da ke bayansa.

Gidan na wata tsohuwa ce, matar aminin mahaifinsa. Mijinta ya rasu da daɗewa, yana kwance a maƙabartar nan ta tsallaken burtali. Sa'ad da Alhaji ke yaro, in sun zo gona da mahaifinsa, a zauren nan su ke hutawa, ita ce kuma mai miƙo musu ruwa da ɗumame.

Abokansa na kasuwa suka ce abin mai sauƙi ne. Tun da hanyar za ta koma ta jama'a, doka ta ba Gwamnati ikon karɓar wuri saboda amfanin jama'a, a biya diyyar gini. Suka ce ai ƙa'ida ce, su ne suka ce 15, to, su cika abinsu. Alhaji ya ga maganar tana da kai. Amma ya ce bari ya je ya gaya mata da bakinsa, kada ta ji a wurin wani.

Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani, ya ce zai gina mata sabon ɗaki na bulo a ciki, da rufin kwano, da siminti a ƙasa. Ta saurara har ya gama. Sa'an nan ta ce, "Alhaji, hanya ta Allah ce, ba na hana ta. Abu ɗaya na ke roƙo. Ta zauren nan aka shigo da ni ina amarya, ta nan aka fitar da Malam. Ka ɗan jinkirta mini, a fitar da ni ta cikinsa. Ba zan daɗe maka ba."

Ya ce, "Inna, Allah ya ƙara miki lafiya." Bai iya ƙara kome ba. Ya fito ya tsaya a burtalin, maƙabarta a hagunsa, zaure a damansa, ya daɗe.

Washegari ya koma ofis, ba takardar kowa a aljihunsa, ba ambulan. Ya ce, "Injiniya, na dawo neman a rage hanya." Saurayin ya ɗaga kai da alamar gajiya. Alhaji ya ce, "Saurara tukuna. Wancan karon aljihuna na zo wa. Yau ba ni da ko sisi a ciki." Ya kwashe labari ya gaya masa.

Injiniya ya ce wannan magana ce dabam. Ya ce ƙa'ida ba a yi ta don a rushe wa tsohuwa ɗaki ba, an yi ta ne don abubuwa huɗu: mota ta gifta mota, ruwa ya sami mafita, mai tafiya a ƙasa ya tsira da ransa, a kuma sami inda za a sauke kaya. In za a iya samun huɗun nan ta wata dabara, hukuma tana da ikon ba da izini bisa sharaɗi. Amma baki ba ya isa, kuma shi kaɗai ba ya iya yankewa, sai kwamiti ya zauna. Ya lissafa masa abin da takardar roƙo za ta ƙunsa. Da fari a faɗi ƙa'idar da a ke so a sassauta. Na biyu, a faɗi daga ina zuwa ina, da yawan abin da za a rage. Na uku, a faɗi dalili, kuma dalilin ya zama daga wurin ya fito, ba mai roƙo ne ya jawo shi ba, ba kuma neman riba ba ne. Na huɗu, a nuna abin da za a yi a madadin abin da aka rage. Na biyar, a haɗa da zanen injiniya mai rajista, da ra'ayin hukumar kashe gobara, da shaidar maƙwabta ta hannun mai unguwa.

Alhaji ya rubuta biyar ɗin nan a bayan wata tsohuwar rasit. Ya ɗauki injiniyansa na kansa ya biya shi, suka yi mako biyu suna juya mita 11. Kwalta ba ta raguwa, domin tirela ce za ta riƙa shiga, ta tsaya a 7.3. Saura 3.7. Sai suka ga lambatu da wurin tafiya ba tilas su zauna kafaɗa da kafaɗa ba, ɗaya na iya hawa kan ɗaya. A zurfafa lambatu, a rufe shi da murfin kankare mai ɗaguwa don yasa, mutane su bi ta kai, kowane gefe mita 1.85. Wurin sauke kaya kuwa a cire shi ɗungum daga mita 30 ɗin nan, tun da ba shago a wurin, a hana tsayawa.

Amma in an hana mota tsayawa a baki, tilas a ba ta inda za ta jira a ciki, in ba haka ba layi zai koma har babban titi. Tirela kuma tana bukatar da'ira mai faɗin wajen mita 25 kafin ta juya ta fito da kai. Babu inda za a samo wannan fili sai cikin nasa. Da aka zana shi a ƙarshen hanya, ya ci shago takwas. Alhaji ya dubi zanen, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a bar shi haka.

Takardar roƙon da hannunsa ya rubuta ta da Hausa, ɗansa ya juya ta Turanci, aka haɗa su biyu aka kai. Kwamiti bai amsa daga ofis ba, ya sa rana ya zo wurin. Aka jera gangunan mai a layi biyu, tsakaninsu mita 7.3. Aka kawo tirela ɗauke da siminti daga ciki, tankar ruwa daga waje, suka gifta juna a tsakiyar burtali sannu a hankali, ba wadda ta taɓa ganga. Yaran unguwa suka yi tafi. Tsohuwa tana zaune a ƙofar zaurenta tana kallo, ba ta san ma a kanta a ke yi ba, sai da mai unguwa ya gaya mata.

Bayan wata biyu izini ya fito da sharuɗɗa a rubuce. Sassaucin ya tsaya a mita 30 na farko kaɗai. Ba tsayawa, ba tebur, ba rumfa a wurin. Yasar lambatu kafin kowace damina tana wuyan mai shaguna. Filin juyawa ba za a taɓa gini a kansa ba. Kuma duk ranar da aka rushe tsohon gidan don sabon gini, sai a ja baya a cika mita 15. Alhaji ya bi ta da ɗan yatsa har ƙasa, ya sa hannu.

Mai karatu ya lura da yadda lissafin ya kasance. Roƙon fari, da an karɓa, da ya mai da shaguna 80 sun zama 120, kuma mai goyo da ɗan dako da wanda wuta za ta ritsa da shi su ne za su biya, alhali ba a shawarce su ba. Roƙo na biyu ya mai da 80 sun zama 72, kuma mai roƙon ne ya biya. Wannan ita ce alama mafi sauƙi ta rarrabe alfarma da uzuri. Mai neman alfarma yakan ce a dube shi, a ga ko shi wane ne. Mai uzuri yakan ce a zo a dubi wurin. Na fari yana son a yi a ɓoye, na biyu ba ya ƙin a tara unguwa duka ta gani.

Kada kuma a ɗauka kowace ƙa'ida gaskiya ce don an buga ta a takarda. A zamanin Gwamna Lugga, wanda ya kafa dokar garuruwa ta 1917, ƙa'ida ce a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya kai musu zazzaɓi. Ƙa'idar nan ta mutu, ba kuwa wanda ya yi mata kuka. Haka kuma faɗi ba kullum ne alheri ba. A Ingila, a 2007, an sake littafin ƙa'idar titunan unguwa wanda a ke bi tun 1977, bayan bincike ya nuna cewa in titi ya yi faɗi ya miƙe, direba yakan ƙara gudu. Saboda haka titin da ke tsakanin gidaje, inda yara ke wasa, ƙanƙanta na iya zame masa kariya. Hanyar da tirela za ta bi kullum kuwa hukuncinta dabam. Abin tambaya a ko'ina shi ne irin wanda liman ya yi: mene ne zai bi hanyar nan, kuma me aka so a tsare da aka yanka mata wannan faɗi? Wanda ya san amsar yana iya roƙon sassauci da hujja. Wanda bai sani ba, ko ya bi ƙa'ida yana iya yin ɓarna da ita, kamar yadda aka so a yi da zauren tsohuwa.

An gama ginin. Amma takarda ba ta tsare hanya ita kaɗai. Wata uku da buɗewa mai shayi ya kafa tebur a kan murfin lambatu, mai faci ya biyo shi, 'yan haya kuma suka fara jera buhuna a wurin masu tafiya. Alhaji ya sa aka rubuta a cikin yarjejeniyar haya cewa iyakar kowa bakin ƙofarsa. Ya ba mai shayi da mai faci wuri a gefen filin juyawa, inda ba su tare kowa ba. Duk da haka kusan kowace safiya sai ya zaga da sandarsa ya sa an janye wani abu. Waɗansu suna ce masa mai tsanani. Abokansa na kasuwa har yanzu in an zauna sukan zolaye shi, su ce ga wanda ya je neman arba'in ya dawo ya rasa takwas. Shi ma ba ya musun cewa wani lokaci, in kuɗi ya yanke masa, yakan tsaya a filin juyawa ya ƙirga shagunan da ba a gina ba.

A watan Agusta 2022 aka yi ruwa mai yawa a Kano, ya shiga Kantin Kwari ya ɓata yadi na miliyoyin naira, aka kuwa ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanar ruwa. Da ruwan ya tsagaita Alhaji ya tafi duba tasa hanyar. Ya sa aka ɗaga murfi ɗaya a burtali. Ruwa na gudu a ƙasa, ja wur, yana tafe da leda da kara, bai hau kwalta ba. Ya ce a mayar da murfin.

Tsohuwa ta cika a shekarar da ta biyo baya. Ta zauren nan aka fito da ita, aka ƙetara hanya da makara, taki kaɗan, aka shiga ƙofar maƙabarta. Wata tirela da ta taho fita ta tsaya daga ciki, direba ya kashe inji ya sauko ya bi sahu. Da magada suka zo raba gida, suka ce za su rushe su yi na bulo, Alhaji da kansa ya ɗauko takardar izini ya karanta musu sharaɗin ƙarshe. Ya biya su kuɗin mita huɗun da hannunsa, aka kira safiyo ya kafa turaku.